Gona a Jingina, Gini a Kango: Bashi da Harkar Filaye Daga Boɗinga Zuwa Shagari

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fita daga Sakkwato ta nufi Boɗinga, ta wuce Shagari zuwa Tambuwal da Jega, ya ga yadda bakin titi ke sauya kama. Inda a da gero da dawa ke rufe ido da damina, yanzu an yanka gona fuloti-fuloti, an kafa bulo bibbiyu a kowace kusurwa. Can gaba ga kango ya kai linta ya tsaya, rodi ya yi tsatsa, tumfafiya ta fito a tsakiyar inda aka so ya zama falo, an rubuta da jan fenti a jikin katanga cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne. Filin jirgin sama na Sultan Abubakar III da Jami'ar Jihar Sakkwato duk a wannan ɓangare suke, saboda haka ta nan birni ke miƙe ƙafa, kuma kowa ya san haka. In ka bincika yadda kangayen nan suka tsaya, sau da yawa za ka tarar bashi ne ya tayar da ginin, bashi ne kuma ya tsayar da shi.

Maganar dillalai tana da gaskiya a cikinta. "Alhaji, hili ba ya ruɓewa, ba ya cin dussa, ba a kai shi wurin likita. In ka bari bana, baɗi ba ka iya sayen shi." Wanda ya bar kuɗinsa a banki tun 2022 ya ga yadda darajarsu ta zube bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni, lokacin da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin shekara guda. Wanda ya sayi fili a bakin gari kuwa ya tsira da yawancin dukiyarsa. Daga nan tunani na gaba ke shigowa: tunda fili tashi yake yi, me zai hana in ranto kuɗi in sayi uku maimakon ɗaya? A kan wannan tambaya aka gina harkar gidaje a duniya, daga Landan har Dubai. Amsarta a Boɗinga da Shagari ta sha bamban da amsarta a can, kuma bambancin ne ya kamata a zauna a duba.

Aikin da bashi ke yi a wannan harka irin aikin jigo ne a fadama. Da ɗan ƙarfin hannu mutum ke ɗaga gugan da ya fi ƙarfinsa, saboda nauyin da aka ɗaure a ɗaya ƙarshen sandar. Nauyin nan kuwa bai san mai shi ba, in hannu ya kuɓuce da ƙarfinsa zai dawo. Mu ɗauki mutum biyu, kowanne da naira miliyan 2. Na farko ya sayi fuloti ɗaya da kuɗinsa ya koma gida. Na biyu ya ranto miliyan 8 ya haɗa da nasa, ya sayi filaye na miliyan 10. Shekara ta zagayo, farashi ya tashi da kashi 20 cikin ɗari. Na farko ya ƙaru da naira 400,000. Na biyu ya ƙaru da miliyan 2, wato ya ninka jarinsa, alhali tashin farashin guda ne. Abin da ke jan mutane ke nan. To, a juya lissafin, a ce farashi ya sauka da kashi 20. Na farko ya ragu da 400,000, filinsa na nan, yana iya jira. Na biyu kadararsa ta koma miliyan 8, daidai abin da ake bin sa. Jarinsa ya tafi duka tun bai sayar da komai ba.

Har yanzu ba mu sa kuɗin ruwa a lissafin ba. A watan Yulin 2023 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya yana kashi 18.75, zuwa Nuwambar 2024 ya kai 27.5. Bankunan kasuwanci kuwa a sama da wannan suke bayar da rance, wajen kashi 30 ga ƙaramin mai neman bashi. Kashi 30 na miliyan 8 miliyan 2 da 400,000 ne a shekara. Ke nan mutuminmu na biyu, ko a shekarar da farashi ya tashi da kashi 20, asarar 400,000 ya yi. Kafin ya fita ba ci ba asara, sai filayensa sun riƙa tashi da kashi 24 kowace shekara ba fashi, ban da la'adar dillali da kuɗin takardu. Shekara ɗaya tak da kasuwa ta tsaya cak ta isa ta cinye jarin.

A ƙasashen da ake sayen gida da bashi a ci riba, gidan ne ke biyan bashinsa: kuɗin hayar da yake kawowa ya fi, ko ya kusa, abin da banki ke karɓa duk wata. Fuloti kuwa ba ya kawo ko sisi. Yana kwance ne yana jiran mai saye, kuɗin ruwa na tafiya dare da rana. Ko an gina gidan, su wa za su shiga haya a Boɗinga ko Shagari? Malaman makaranta da aka turo, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, 'yan bautar ƙasa, sai ɗan kasuwa baƙo jifa-jifa. Yawancin mutanen gari a gidajen gado suke zaune, in yaro ya yi aure a yanka masa sashe. Ma'aikata da dama kuma a Sakkwato suke kwana, su zo aiki da safe su koma da yamma. A rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 kan talauci mai fuskoki da yawa, Sakkwato ce kan gaba, da mutum tara cikin goma. A irin wannan wuri aljihun ɗan haya ne ke yanke kuɗin haya, komai tsadar simintin da aka zuba a ginin. A ƙaddara gida ya ci miliyan 10, ana samun 400,000 a shekara in an yi sa'a bai zauna ba kowa ba. Kashi 4 ke nan cikin ɗari, a gaban bashin da ke cin kashi 30. Babu dabarar da za ta cike wannan giɓi.

Sai maganar lokaci. Buhun albasa ko rago, in ka kai kasuwa yau, da rangwame dai za ka sayar yau. Fili yakan yi watanni yana neman mai saye, kuma da zarar dillalai sun ji ƙamshin cewa mai shi na cikin matsi, farashi ya faɗi kafin a fara ciniki. Wanda ake bi bashi ba shi ke zaɓen ranar sayarwa ba.

Gaskiyar magana ma, yawancin masu filaye a wannan yanki ko sun je banki ba za a saurare su ba, kuma dalilin na cikin doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni gwamna ke bayar da takardar shaidar mallaka, a karkara kuma ƙaramar hukuma ke bayar da izinin riƙo na gargajiya. Sashe na 22 ya ce ba a jinginar da fili mai takardar gwamna sai da amincewarsa. Sashe na 21 ya ɗora irin wannan sharaɗi a kan na karkara, da amincewar ƙaramar hukuma. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba tare da amincewar gwamna ba, banki ya tashi ba abin kamawa. Tun daga nan bankuna ba sa wasa da takarda. Abin da ke hannun mai fuloti a ƙauye kuwa yawanci takardar ciniki ce da aka rubuta da hannu, da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa ko hakimi. A idon jama'a ta isa, a idon banki ba ta wuce takarda ba. Akwai ma abin da masu yanka gonaki ba su cika sani ba: sashe na 36 na dokar ya hana a yanka gonar karkara da ake riƙe da ita tun kafin dokar zuwa fuloti-fuloti. In kuma gwamnati ta karɓe fili don aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da amfanin gona da sauran abin da aka raya a kai. Wanda ya ci bashi ya sayi fili tsirara, hanya ta bi ta kansa, zai iya tashi da bashin kawai.

Tunda ƙofar banki a rufe take, mutane ta wata ƙofa suke shiga, kuma a nan ne ainihin labarin yake. Tsohuwar hanyar mayar da ƙasa kuɗi a ƙasar Hausa ita ce jingina. Mai gona ya karɓi kuɗi a gaban shaidu, ya miƙa gonar, mai kuɗi ya riƙa nomawa yana cin amfanin har ranar da aka dawo masa da kuɗinsa cif, yawanci bayan an kwashe amfanin gona. Ba sabon abu ba ne. A ƙarshen shekarun 1960 masu bincike daga cibiyar aikin gona ta Samaru sun yi nazarin ƙauyuka uku a kewayen Sakkwato, ciki har da Takatuku da ke ƙasar Boɗinga, suka tarar ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, ana sayen gona ana sayarwa, maza da yawa kuma na fita cin rani don cike abin da gona ta kasa. Polly Hill, a littafinta na 1972 kan Batagarawa da ke kusa da Katsina, ta nuna yadda gona ke sulalewa daga hannun matalauci zuwa hannun mai hali ta hanyar bashi da jingina da sayarwa.

Abin da ya sauya shi ne dalilin jinginar. A da yunwa ce ke sa mutum, ko haraji, ko auren 'ya, ko rashin lafiya. Yanzu akwai wanda zai jinginar da fadamar da yake noma albasa da tafarnuwa don ya sayi fuloti a gefen Sakkwato, ko ya fara ginin shaguna a bakin titi. A duba wannan ciniki da kyau. A ce an ba shi naira 500,000, fadamar kuwa tana bar masa 300,000 a shekara bayan an cire taki da mai da kuɗin ƙwadago. Abin da ya rasa duk shekara kashi 60 ne cikin ɗari na kuɗin da ya karɓa, ninki biyu na abin da banki ke karɓa, kuma uwar kuɗin ba ta raguwa ko da kwabo. Ya kuma rabu da abin da zai samo kuɗin fansar daga gare shi. Shekara uku, huɗu, fuloti bai sayu ba, hatsin gida ya ƙare tun kafin bazara, sai ya koma wurin mai kuɗi ya ce a ƙara masa wani abu. Ƙari kan ƙari, wata rana mai kuɗi ya ce, "Malam, tunda abin ya kai haka, mu yi mata kuɗi in cika maka." Ta haka jingina ke zama sayarwa ba tare da mai gona ya taɓa niyyar sayarwa ba. A ganina wannan ne mafi munin amfani da bashi a duk harkar: a ɗauki ƙasar da ke ciyar da gida a ba wani, don a riƙe ƙasar da ba ta ciyar da kowa.

Mai kuɗi shi ma yana da tasa hujjar, kuma ya kamata a ji ta. Naira 500,000 da ya bayar a 2021, in aka dawo masa da ita a 2025, ko rabin buhunan da za ta saya a da ba za ta saya ba. In bai ci amfanin gonar ba, shi ne ya yi asara. Amma fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan wannan ƙasa bai bar maganar a buɗe ba. Jingina halal ce. Annabi (SAW) ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'irin da ya karɓa wa iyalinsa. Sai dai amfanin abin da aka jinginar na mai shi ne, rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani kuwa malamai sun sa shi a babin riba da aka haramta. Haka kuma abin jingina ba ya zama na mai bin bashi don kawai wa'adi ya cika; sayarwa ake yi a biya shi haƙƙinsa, saura ya koma ga mai kaya. Abin takaici ne a ce a ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga kafin ya koma Gwandu, ya kuma rubuta Ta'alimur Radi musamman kan hanyoyin mallakar ƙasa, mutum zai ƙi bashin banki don tsoron Allah, sannan ya riƙe gonar maƙwabcinsa shekara bakwai yana ci. Akwai mafita mai sauƙi da wasu ke bi: a mayar da cinikin haya, a ce kuɗin nan na noman shekara uku ne, in sun cika gona ta koma ga mai ita ba tare da ya biya komai ba. Mai kuɗi ya san abin da ya saya, mai gona ya san ranar da zai karɓi abinsa. Sharuɗɗan wannan haya aikin malamai ne su fayyace wa jama'a.

Ga kuma matsalar rashin rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, wadda ke biye da ita kuma ta yi maganar jingina. Duk da haka jingina nawa ake ƙullawa da baki a gindin bishiya? Shaidu su mutu, masu cinikin su mutu, 'ya'yan wannan su ce saye ne, 'ya'yan wancan su ce jingina ce, a kwashi shekaru ana zarya kotun shari'a. Bashi kuma kafin rabon gado ake fitar da shi, saboda haka abin da uba ya ci don ya gina wa 'ya'yansa gida yana iya zama dalilin da za a sayar da gidan a kansu.

Ma'aikacin gwamnati hanyarsa daban. Shi adashi yake shiga, ko ƙungiyar taimakon juna ta wurin aiki, ko ya karɓi rancen da ake cirewa daga albashi. Adashi ba shi da ruwa, kuma ya gina gidaje a garuruwan nan fiye da kowane banki: kwasar bana ta sayi bulo, ta baɗi ta kai linta, ta gaba ta ɗora kwano. Rancen albashi ne ke da haɗari, domin wa'adinsa gajere ne, shekara ɗaya zuwa uku, gini kuwa doguwar tafiya ce. Wanda ya yi lissafinsa a 2023 buhun siminti na wajen naira 5,000, ya wayi gari a farkon 2024 buhu ya haura 10,000 a wurare da yawa, ko da yake a nan Kalambaina ake yin simintin. Kuɗin da aka ranto don a kai gini rufi suka ƙare a linta. Ana ci gaba da cire bashi daga albashi, ana ci gaba da biyan hayar gidan da ake ciki, damina na dukan bulo. Rabin gida ba ya karɓar ɗan haya, kuma in za a sayar da shi ba ya mayar da kuɗin da ya ci. Da ya ranci abin da zai gama ɗaki biyu da banɗaki ya tare, da kuɗin hayar da ya daina biya sun taimaka masa wajen biyan bashin.

Kada a ɗauka ina cewa kowane bashi asara ne. Lokacin hauhawar farashi, wanda ya samu rance mai sauƙi, mai dogon wa'adi, wanda adadinsa ba ya canzawa, shi ke cin moriya. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8. Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa da doka a 1992 ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, yana karɓar kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, yana kuma bayar da rancen gida a kan kashi 6, har tsawon shekara 30. Naira miliyan 5 a kan kashi 6 na shekara 20, biyan wata bai kai naira 36,000 ba. Wannan miliyan 5 ɗin a kan kashi 30, biyan wata ya haura 125,000. Na farko yana ƙara sauƙi duk shekarar da aka ƙara albashi. Na biyu ya fi ƙarfin mai shi tun watan farko. Sai dai ko mai sauƙin, tunda ƙa'ida ita ce kada biyan bashi ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, yana neman mai ɗaukar sama da 100,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Yana neman takardar mallaka. Ga shi kuma da ruwa, komai ƙanƙantarsa, abin da ke sa mutane da yawa a nan su ja da baya, ko da kuwa ana cire musu kuɗin asusun duk wata. Manomi da mai shago kuwa, waɗanda su ne mafi yawan jama'a, da wuya labarin asusun ya iso su.

Garin Shagari yana da alaƙa ta musamman da wannan batu. Alhaji Shehu Shagari, ɗan garin, da ya hau mulki a 1979, ya sa gidaje cikin manyan alkawuransa: gida 2,000 a kowace jiha duk shekara, a lokacin da jihohi suke 19. Har yau a Kano da Katsina da Maiduguri da wasu garuruwa akwai unguwannin da ake kira da sunansa. Niyya ce mai kyau, iyalai da yawa sun samu muhalli ta dalilinta. Amma an ɗora shirin a kan tsammanin kuɗin man fetur za su ci gaba da kwarara kamar yadda suka yi a 1980. Kasuwar mai ta juya, abin da Najeriya ke haƙowa ya sauka daga wajen ganga miliyan 2 a rana zuwa ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, bashin waje ya hau, a watan Afrilun 1982 aka kafa dokar tsuke bakin aljihu. Zuwa juyin mulkin 31 ga Disambar 1983, abin da aka gina bai kusanci abin da aka tsara ba, wasu rukunan gidajen kuma an kafa su nesa da gari sun daɗe ba kowa. Abin da ya samu gwamnati mai rijiyoyin mai shi ke samun manomin da ya ɗora biyan bashinsa a kan farashin albasa na bara.

Manyan ƙasashe ma sun sha wannan. A Amurka an riƙa ba mutane rancen gida ba tare da sun ajiye wani abin kirki nasu ba, bisa imanin cewa gida ba ya faɗuwa. Daga 2006 zuwa 2012 farashin gidaje ya sauka da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumbar 2008, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu. A Sin, kamfanin Evergrande ya tara bashin da ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya a 2021, kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe shi a Janairun 2024, mutanen da suka biya kuɗin gida tun kafin a gina suka yi ta jira. A nan gida, bayan Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agustan 2009, an kafa hukumar AMCON a 2010 don ta sayi basussukan da suka maƙale, kuma ta shafe shekaru tana ƙwace gidaje da otal-otal da filayen da aka jinginar.

Labarin Dubai ne ya fi shafar mu. A watan Nuwambar 2009 kamfanin Dubai World ya nemi a ɗaga masa ƙafa kan bashin wajen dala biliyan 25, farashin gidaje a birnin ya zube da kusan rabi, sai da Abu Dabi ta kawo ɗaukin dala biliyan 10 a watan Disamba. Wani ɓangare na kuɗin da suka maƙale sukuk ne na kamfanin Nakheel, wato takardun jari da aka tsara bisa shari'a. Wannan ya kamata ya zama tunatarwa ga masu murna da zuwan bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma zuwansu alheri ne. Amma a murabaha banki saye yake yi ya sayar maka da ƙarin riba, ka biya a hankali. Kuɗin da aka yanke bashi ne a wuyanka, ko gida ya samu ɗan haya ko bai samu ba. Halaccin ciniki ba ya ɗauke nauyin biya. Tsarin da ya fi dacewa da mu shi ne na haɗin gwiwa mai raguwa, inda banki da mai saye suka mallaki gidan tare, mai saye na biyan hayar kason banki yana kuma sayen kason kaɗan-kaɗan har gidan ya zama nasa. Shi ma ba zai yiwu ba sai da takarda.

Akwai wani haɗarin da ba ya shiga lissafin dillali. Rashin tsaro a gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni da Rabah, ya koro mutane zuwa Sakkwato, ya ƙara wa gidajen haya da filayen bakin birni daraja. Shi ne kuma ke kashe darajar gona a duk inda ya sauka, kuma a 'yan shekarun nan hare-haren sun taɓa wasu ƙauyukan Tureta da Shagari. Gonar da ba a iya zuwa nomawa ba mai karɓarta jingina, balle saye. Mai kuɗin kansa yana iya jira har ƙura ta lafa, wanda ake bi bashi kuwa wa'adinsa ba ya jiran zaman lafiya.

Abin da ya rage wa hukuma ba mai tsada ba ne. Ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, tare da uwayen ƙasa da alƙalai, suna iya buɗe rajistar jingina da cinikin gona, inda za a rubuta adadin kuɗi da wa'adi da iyakoki da sunayen shaidu, kowane ɓangare ya tafi da kwafinsa. Gwamnatin jiha ta rage kuɗi da tsawon lokacin samun takardar mallaka, ta kuma shata yankunan da birni ke nufa tun kafin a gama yanka su barkatai, don mai saye ya san inda hanya da makaranta za su bi. Limamai su yi wa jama'a bayanin hukuncin cin amfanin gonar jingina a fili, ko da manyan gari ne ke riƙe da gonakin. Ga mai niyyar cin bashi don fili ko gini kuwa, ya zauna da alƙalami ya fitar da abin da kadarar za ta kawo a shekara, da abin da bashin zai ci, da inda zai samo kuɗin biya in an yi shekara biyu ba ɗan haya ba mai saye. In kuɗin sayen fulotin ba za su samu ba sai an jinginar da fadama, ya bar fulotin ya wuce.